Ka Ci Abinci?

Daren da zan bar Kano, mahaifiyata ta cika mini rabin akwati da guzuri: garin kwaki mudu biyu, ƙuli-ƙuli, dabino, yaji, sukari da madarar gari. Tana ɗaure bakin leda tana nanata abin da kowa a unguwarmu ya haddace game da mutanen Sin, wai babu abin da ba ya shiga tukunyarsu. Ban yi mata gardama ba, domin ni ma abin da na yarda da shi ke nan. Shekarata 26 a lokacin, na yi sauka tun ina yaro, na gama jami'a, kuma a can cikin zuciyata ina ganin na fi Kawu sanin iyakar halal da haram.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda ya shekara goma yana zuwa birnin Guangzhou sarin yadi da leshi. Shi da abokan sana'arsa Gwanzu suke kiran garin, kamar wata unguwa ce a bayan Fagge. A shekarar 2017 ciwon suga ya fara taɓa masa ido, har ya zama sai an karanta masa rasit. Sai ya ce in raka shi in riƙe masa takardu. Bai ƙara komai a kan haka ba, amma duk gidan an gane cewa gwaji ne: idan na iya hanya, ni zan gaje ta.

Mun bi ta Addis Ababa, muka sauka filin jirgin saman Baiyun da dare, a tsakiyar watan Oktoba. Lokacin ya zo daidai da babban baje kolin birnin, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kuma a irin waɗannan makonni ɗakunan kwana kan yi tsada su yi wuya. Masaukin da Kawu ya saba sauka a unguwar Xiaobei ya riga ya ba wani ɗakinmu. Muka ja akwatuna cikin wani irin zafi mai danshi da ke manna wa mutum riga a jiki, muka shiga otal uku ɗaya bayan ɗaya. A kowanne, mai karɓar baƙi takan dubi fasfo, ta dube mu, ta kaɗa hannu ta ce "mei yo", wato babu. Kalmar da na fara koya ke nan a harshen Sinanci.

Kawu ya ce kada in sa abin a rai. Dokar ƙasar ta wajabta a yi wa kowane baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24 da saukarsa, otal ne ke yin rajistar, kuma ƙananan masaukai da dama ba sa son wannan ɗawainiya. Ni kuwa na ce launin fatarmu ne kawai. Har yau ina ganin kowannenmu ya riƙe wani sashe na gaskiya. Abin da ban manta ba shi ne yadda na ji a bakin titi ƙarfe ɗayan dare, a birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan goma sha biyar, ba wanda ya san sunan ubana. A gida ni ne mai cewa baƙo ya shigo ya sha ruwa. Ban taɓa tsayawa a ɗaya gefen ƙofar ba.

Otal na huɗu ya karɓe mu. A cikin lif na lura babu lamba 4, daga 3 sai 5. Kawu ya ce kalmar huɗu a bakinsu tana kama da kalmar mutuwa, shi ya sa wasu masu gini ke tsallake ta, kamar yadda suke rububin lamba 8 don tana kama da kalmar arziki. Na yi dariyar raini, na manta cewa na tashi a gidan da ba a kiran maciji da sunansa da dare, sai dai a ce igiyar ƙasa. Ɗakin ƙarami ne, gado biyu masu tauri kamar dandamali, da silifas na takarda, da butar dafa ruwa ta lantarki. Butar alwala kuwa babu, sai da Kawu ya yanke bakin gorar ruwa. Da na shimfiɗa darduma, na tambaye shi ina gabas. Ya yi murmushi ya nuna mini taga, sannan ya juya ni na ba ta baya. A ƙasar Sin, Makka tana yamma. Tun ina yaro gabas da alƙibla abu ɗaya ne a harshena, har idan an ce mutum yana kallon gabas, an san Musulmi ake nufi. A daren nan na yi salla ina fuskantar mafaɗar rana, zuciyata tana ta raya mini cewa na yi kuskure, alhali daidai na tsaya.

Washegari muka je wurin mutumin da Kawu ke saye a hannunsa. Kawu na kiransa Lawban, ma'ana maigida, shi kuma yana kiran Kawu Alaji. Dattijo ne siriri mai furfura, shagonsa cike da bandir-bandir na yadi har rufi. Ba ya jin Hausa ko Turanci, Kawu ba ya jin Sinanci, amma shekara goma suna ciniki da na'urar lissafi da yatsu da dariya, sai in magana ta yi tsawo a kira wata yarinya mai tafinta. Da ganinmu ya miƙe ya faɗi wasu kalmomi, yarinyar ta ce yana tambaya ko mun ci abinci. Na buɗe baki zan ba da amsa dalla-dalla, Kawu ya taka mini ƙafa. Gaisuwa ce, kamar yadda muke tambayar gajiya ba don muna shirin yi wa mutum tausa ba.

A kusurwar shagon akwai wani teburin katako mai magudanar ruwa, da 'yan kofuna da ba su fi murfin kwalba girma da yawa ba. Lawban ya zauna ya dafa shayi da hannunsa, ya ɗauraye ganyen da ruwan farko ya zubar, ya wanke kofunan da ruwan zafi, sannan ya zuba. Babu sukari, babu madara. Ya miƙa wa Kawu da hannu biyu, ya miƙo mini. Na dubi kofin, na tuna bakunan da suka sha da shi da abin da bakunan suka ci, na ɗaga hannu na ce na gode. Ya sake miƙowa, na sake ƙi. Sai ya ajiye kofin a gabana a hankali, ya juya ga Kawu suka shiga lissafi. Kofin yana nan har muka tashi, ya huce. Kawu bai ce mini uffan ba a hanya, kuma shirun Kawu ya fi faɗansa nauyi.

Kwana huɗu na yi ina jiƙa garin kwaki a kofin otal. Da yamma Kawu kan fita cin abinci, ni kuma in tsaya a taga ina kallon Xiaobei. Unguwa ce da ta tara duniya: 'yan Mali da Gini da Kwango da Nijar, Larabawan Yaman, matan Afirka da manyan jakunkuna, masu tura kaya a baro, masu canjin kuɗi a gindin gadar sama. Can nesa, a wani fili, tsofaffin mata sun jeru suna rawa da kiɗan rediyo, ba biki ba suna, motsa jiki kawai. Ƙamshin tsire yana tasowa daga wurin 'yan Uigur, masu gasa naman rago da gurasa irin ta tanderu. Cikina yana kuka, amma ina jin wani daɗi na daban, daɗin mutumin da ke ganin ya fi kowa tsarki. Har na fara tausaya wa Kawu, ina cewa kasuwa ta sa ya yi sakaci da addini.

Ranar Juma'a ya kai ni masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda ke cikin wata tsohuwar maƙabarta mai itatuwa. A nan akwai kabarin da Musulmin ƙasar ke dangantawa da sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Na san cewa littattafan tarihinmu sun ce a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a, kuma na yi niyyar faɗa wa Kawu haka. Amma da na ga dubban mutane sun cika harabar har kan ciyawa, sai maganar ta maƙale. A sahuna akwai wani tsoho Basine mai farar hula da ɗan gemu, kafaɗarsa tana gogar tawa, yana karanta Fatiha da wani irin lafazi da ban taɓa ji ba. Kakanninsa, 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe suna salla a wannan ƙasa. Masallacin Huaisheng da ke tsohon gari, mai hasumiya kimanin mita 36, ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar, kuma ana danganta asalinsa da zamanin daular Tang, tun kafin Musulunci ya iso Kano da ƙarnoni.

Bayan an idar, Kawu ya nuna mini wasu haruffa biyu a kan koren allon wani shago. Ana karanta su "cing-jen", ma'anarsu tsarki da gaskiya, kuma su ne alamar halal. Muka shiga. Wani saurayi ya ɗauki curin ƙullu ya ja, ya ninka, ya sake ja, yana buga shi a tebur, kafin ƙiftawar ido ya zama zaren taliya a tsakanin yatsunsa. Aka kawo ta cikin romon naman sa, da yankan farin tushe mai kama da rogo, da ganye, da man barkono ja wur. Irin waɗannan shaguna suna ko'ina a birnin, kuma akasarin masu su Musulmi ne daga arewa maso yammacin ƙasar, lardunan Gansu da Qinghai. Na yi kokawa da tsinkayen cin abinci har saurayin ya kawo mini cokali mai yatsu yana dariya. Na shanye romon tas. Na fito ina ganin na warware matsalata: zan ci a wurin Musulmi, in kauce wa sauran. Ashe ban ma taɓo matsalar ba.

A daren Asabar yarinyar mai tafinta ta aiko da saƙo ta WeChat, cewa Lawban yana gayyatarmu shan shayin safe ranar Lahadi. Na ce wa Kawu ya je shi kaɗai, kaina na ciwo. Ya ce, "Yaro, ko a kan gadon asibiti kake za ka je." Na san abin da ake ci a irin wannan zama, domin na bincika. Mutanen Guangdong suna kiransa "yam ca", shan shayi, amma shayin rakiya ne kawai ga 'yan ƙananan abinci iri-iri da ake turarawa a kwandunan gora, kuma da yawansu da naman alade ko kitsensa ake yi, har waɗanda aka ce na jatan lande ne. Tsorona a nan yana da tushe. Na kwana ina shirya yadda zan ƙi ba tare da na ɓata cinikin kwantena guda ba.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsohon gari. Lawban yana jiranmu a ƙofar wani gidan abinci, da matarsa da jikarsa 'yar shekara biyar. Kafin mu gaisa ya kama hannun rigata ya ja ni baya kaɗan, ya nuna sama. Haruffan nan biyu ne a kan allo. Ya nuna su, ya nuna ni, ya ɗaga babban yatsa. Yarinyar ta ce gidan abincin Musulmi ne da ya daɗe a unguwar masallacin Huaisheng, inda ake yin abincin Guangdong ba tare da alade ba. Ta ƙara da cewa gidan Lawban yana can ƙetaren kogi, tafiyar sama da awa ɗaya, kuma tun da sassafe ya zo ya kama tebur don Lahadi wurin kan cika. Shekara goma ke nan, in ji ta, duk zuwan Alaji nan yake kawo shi.

Zauren cike yake da hayaniya irin ta gidan biki: tsofaffi da jaridu, iyalai har hawa uku a tebur ɗaya. Matar Lawban ta ɗauraye kofuna da kwanoni da tsinkaye da ruwan shayi a cikin wata roba, kamar yadda kowa ke yi a wurin, ta fara da nawa. Aka fara sauke kwanduna: curin naman sa mai laushi, da wani farin naɗi na garin shinkafa mai santsi, da kunun shinkafa mai citta da kifi, da gasasshiyar dinya mai fata kamar an shafa mata zuma. Babu wanda ke da kwanonsa shi kaɗai, komai a tsakiya yake, kamar tiren gidanmu. Na lura duk wanda aka zuba wa shayi yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Godiya ce. Ana ba da labarin wani sarkinsu da ya fita yawo a ɓoye, ya zuba wa baransa shayi, baran ya rasa yadda zai durƙusa ba tare da ya tona asiri ba, sai ya durƙusar da yatsunsa. Idan buta ta ƙare kuma, ba a kiran kowa, sai a ɗage murfinta a bar shi a karkace.

Lawban ya ɗauki buta ya zuba mini, ya tsaya yana kallona. Ban san ko ya tuna kofin da ya huce a shagonsa ba, amma ni shi kaɗai nake gani. Na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, na ɗauka na sha. Yana da ɗaci kaɗan, sannan wani zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro. Dattijon ya yi dariya har da tafi, ya tsamo cinyar dinya ya ɗora a kwanona. Jikarsa, wadda tun zuwanmu take leƙena daga bayan kakarta, ta matso ta goga yatsa a bayan hannuna ta duba ko launin zai fita. Kakar ta tsawata mata cikin kunya. Da a daren saukarmu ne, da na ƙulla abin a zuciya. A ranar sai na juya mata tafin hannuna, ta ga fari ne, ta zaro ido. Da aka kawo takardar kuɗi, Kawu da Lawban suka yi ta kokawa a kanta kamar za su yaga, kowa na rantsuwa da harshensa, har mai gayya ya yi nasara, kamar yadda al'adarsu ta tanada.

A hanyar komawa muka tsaya a bakin Kogin Lu'ulu'u, Kawu yana hutar da ƙafa. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Ranar nan a shago, me ke cikin kofin?" Na ce shayi. Ya ce, "Ganye da ruwan zafi. A wane littafi ka karanta haramcinsu?" Na yi shiru. Ya ce, "Ni ma ba na cin alade, kuma ban taɓa ci ba. Mutumin nan ya san haka, ya kiyaye mini shi fiye da yadda wasu 'yan'uwana za su kiyaye. Kai ba alade ka guda ba, shi ka guda. Ka koyi raba tsoron Allah da ƙyamar mutane, don kamarsu ɗaya daga nesa. Na farko yana sa ka tambayi abin da ke cikin kwano. Na biyu ba ya tambaya, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida."

Ba zan ce zaman shayi ɗaya ya wanke birnin ba. A jirgin ƙasa na sha ganin kujerar kusa da ni ta zauna ba kowa alhali mutane na tsaye. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a wannan birni, wasu suka kwana a titi, har gwamnatocin Afirka, ciki har da ta Nijeriya, suka nuna ɓacin ransu. Na ga hotunan ina Kano, na gane wasu titunan, raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙyama gaskiya ce, kuma na ɗanɗana ta. Sai dai tun daga bakin kogin nan na daina iya yin fushi da ita kamar wanda bai taɓa aikata ta ba. Matar da ta ce mini "mei yo" ta dubi fasfona ta yanke hukunci. Ni ma na dubi kofi na yanke nawa.

Kawu ya daina tafiya, idon ya ƙi. Ni ke zuwa yanzu, kuma har yau ina duba haruffan nan biyu kafin in zauna a ko'ina, ina tambayar da wane mai aka soya, ina barin abin da na yi shakka a kansa. Ban sauke ko ɗaya daga cikin iyakokina ba. Garin kwaki ne kawai na daina ɗauka.

A layinmu na Kantin Kwari akwai wani saurayi Basine da ke kula da sito. Shekara biyu ina wuce shi, yara na binsa suna kwaikwayon maganarsa, ban taɓa tanka masa ba. Da azahar yakan zauna a kan dila shi kaɗai, yana cin taliyar leda daga kofi. Bayan dawowata daga tafiyar farko, na tsaya a gabansa wata rana na haɗa 'yan kalmomin da na koya, na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ɗago da sauri kamar an kira sunansa. Na aika yaro ya sayo masa da miyar taushe, muka zauna a kan dila ɗaya. Ya daɗe yana juya masar, yana shinshinawa, yana duban miyar da irin kallon da na sani sarai. Ban matsa masa ba. Na zuba masa shayi na jira.